Sake Amfani da Uwar Hoton Kwantena wajen Gina Muhallin Gwajin Manhaja

Muhallin gwaji shi ne duk abin da manhaja ke buƙata a kewaye da ita kafin a iya gwada ta. Ya haɗa da tsarin aikin kwamfuta, da harshen da aka rubuta manhajar da shi, da laburaren da take jingina a kansu, da matattarar bayanai, da kayan gwajin su kansu. Sakamakon gwaji ba ya da ƙima sai an san a wane muhalli aka same shi. Idan gwaji ya yi nasara a kwamfutar injiniya ya kuma faɗi a sabar kamfani, galibi bambancin yana cikin muhallin ne: wata laburare ta canja siga, ko wani fayil yana nan a wancan gefe, babu shi a wannan. Saboda haka ana neman abu biyu daga muhallin gwaji, wato ya zama iri ɗaya duk lokacin da aka gina shi, kuma ya ginu da sauri, domin a manyan ayyuka ana gina shi sau ɗaruruwa a yini guda. Sake amfani da uwar hoton kwantena ita ce hanyar da aka fi bi a yau don samun waɗannan abubuwa biyu tare.

Kwantena da hotonta

Kwantena wani keɓantaccen fili ne a cikin kwamfuta inda manhaja ke aiki tana ganin kamar ita kaɗai ce a wurin. Tana da nata fayiloli da nata jerin ayyuka da tata hanyar sadarwa, amma kanel ɗin kwamfutar, wato cibiyar tsarin aiki, ɗaya ne tsakaninta da sauran kwantenoni. Wannan ne ya bambanta ta da kwamfutar kwaikwayo, wadda ke ɗauke da cikakken tsarin aiki nata na kanta, shi ya sa kwantena ke tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Dabarar keɓewar ta daɗe. Umarnin chroot ya shiga Unix a 1979, FreeBSD ta fito da nata salon keɓewa a 2000, sannan tsarin cgroups da injiniyoyin Google suka fara ya shiga kanel ɗin Linux a farkon 2008. Abin da Docker ta ƙara, lokacin da Solomon Hykes ya gabatar da ita a watan Maris na 2013, shi ne hanya mai sauƙi ta naɗe muhalli gaba ɗaya a matsayin hoto, a ba shi suna, a aika shi wani wuri. Hoto a nan yana nufin daskararren kwafin fayilolin muhallin tare da bayanin yadda za a kunna shi. Ba ya canjawa bayan an gina shi, kuma daga hoto ɗaya ana iya tayar da kwantenoni dubu. A watan Yuni na 2015 aka kafa ƙungiyar OCI ƙarƙashin Gidauniyar Linux, ta kuma fitar da ƙa'idar tsarin hoto ta farko a watan Yuli na 2017. Saboda wannan ƙa'ida, hoton da aka gina da Docker yana aiki da Podman ko containerd ba tare da gyara ba.

Shimfiɗu da uwar hoto

Hoto ba dunƙule guda ba ne, jerin shimfiɗu ne da aka ɗora wata kan wata. Ana rubuta yadda za a gina shi a wani fayil mai suna Dockerfile. Layin farko, mai farawa da FROM, yana faɗin hoton da za a ɗora ginin a kansa, kuma wannan hoton shi ne uwa. Kowane umarni na RUN ko COPY da ya biyo baya yana samar da sabuwar shimfiɗa, wadda ke ɗauke da bambancin da umarnin ya kawo kawai: fayilolin da aka ƙara, da waɗanda aka gyara, da alamar waɗanda aka goge. Tsarin fayiloli na OverlayFS, wanda ya shiga Linux a watan Disamba na 2014, shi ke haɗa shimfiɗun su bayyana kamar faifai ɗaya. Idan an kunna kwantena, sai a ɗora mata wata siririyar shimfiɗa a sama wadda za a iya rubutu a kai. In ta nemi gyara fayil ɗin da ke ƙasa, ana kwafo shi sama ne a gyara kwafin, na ƙasan yana nan yadda yake.

Tun daga Docker 1.10, a watan Fabrairu na 2016, ana gane kowace shimfiɗa da lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinta ta hanyar SHA-256. Shimfiɗu biyu masu abu ɗaya a ciki lambarsu ɗaya ce, don haka kwamfuta ba ta adana su sau biyu, ba ta kuma sauke su sau biyu. Duk ribar sake amfani da uwar hoto daga nan ta samo tushe. A ɗauki misalin kamfani mai ayyuka 40, kowane aiki yana buƙatar kayan tushe na megabait 900 da nasa kayan na megabait 50. Idan kowane aiki ya gina komai nasa daga farko, jimillar za ta kai megabait 38,000. Idan duk sun fito daga uwa ɗaya, jimillar megabait 2,900 ce, domin 900 ɗin sau ɗaya aka adana su.

Uwar ma tana da uwa. Cikakken hoton Python na hukuma da ke rumbun Docker Hub an gina shi a kan wani hoto mai suna buildpack-deps, wanda ke ɗauke da kayan harhaɗa manhaja, shi kuma an gina shi a matakai a kan hoton Debian. A can ƙasa akwai scratch, wanda babu komai a cikinsa. Wanda ya rubuta layin FROM guda ɗaya ya karɓi wannan silsila gaba ɗayanta, ko ya san da ita ko bai sani ba.

Yadda ajiyar gini take aiki

Bayan rabon shimfiɗu, akwai ajiyar gini. Lokacin da ake gina hoto, maginin yana duba kowane umarni ya tambaya ko ya taɓa gudanar da irinsa a kan wannan shimfiɗar da ke ƙasa. Idan ya taɓa, sai ya ɗauko sakamakon da ya ajiye ya wuce. Ga umarnin COPY, abin da ke cikin fayilolin ake dubawa. Ga umarnin RUN kuwa, rubutun umarnin kawai ake kwatantawa, ba a duba ko abin da zai sauko daga intanet ya canja. Da zarar umarni ɗaya ya saɓa da ajiya, duk waɗanda ke bayansa sai an sake gina su.

Wannan doka ita ke tsara yadda ake jera umarni. Abin da ba ya yawan canjawa yana zuwa farko, abin da ke canjawa kullum yana zuwa ƙarshe. A aikin Python, ana fara kwafar fayil ɗin da ke lissafa laburaren da ake buƙata, a girka su, sannan a kwafo rubutun manhajar. Idan aka juya jerin, gyaran harafi ɗaya a rubutun manhaja zai sa a sake sauke dukkan laburaren. Haka kuma, tunda rubutun umarnin RUN kaɗai ake dubawa, umarnin sabunta jerin kayan Debian zai iya zama a ajiya wata da watanni yana ba da tsohon jeri. Shi ya sa ake haɗa sabunta jeri da girka kaya a umarni ɗaya.

Ajiyar gini tana da rauni biyu: galibi tana zaune ne a kan injin da ya yi ginin, kuma ƙaramin canji yana rushe ta. Uwar hoto da aka gina da gangan, aka ba ta suna, aka ɗora ta a rumbu, ta fi ta tabbas. Ana gina ta sau ɗaya, kowane inji ya sauke ta, kuma ba ta canjawa sai wani ya yanke shawarar canja ta.

Tsara zuriyar hotuna

Ma'aunin da ake raba muhalli da shi shi ne saurin canjawar kowane sashe. A mafi yawan ayyuka rabon yana fitowa mataki uku. Mataki na farko ya ƙunshi tsarin aiki da kayan harhaɗawa da takardun shaidar tsaro, waɗanda ke canjawa a wata ko makonni. Na biyu ya ƙunshi sigar harshe da laburaren da aikin ke buƙata, waɗanda ke canjawa idan an gyara jerinsu. Na uku shi ne rubutun manhajar da ake gwadawa, wanda ke canjawa sau da yawa a yini. Kowane mataki uwa ne ga na samansa, kuma yawan hotuna yana ƙaruwa yayin da ake hawa: uwa ɗaya a ƙasa, 'yan kaɗan a tsakiya, masu ɗimbin yawa a sama.

SWE-bench misali ne bayyananne na wannan tsari. Tarin gwaji ne da masu bincike a Jami'ar Princeton suka fitar a watan Oktoba na 2023 don auna ko manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su iya gyara kurakuran gaske. Ya ƙunshi matsaloli 2,294 daga manyan ayyukan Python 12, ciki har da Django da scikit-learn da SymPy da Matplotlib. Kowace matsala ta fito ne daga wani lokaci dabam a tarihin aikin, don haka tana buƙatar sigar Python da laburaren wancan lokacin. A watan Yuni na 2024 aka mayar da tsarin gwajin kan Docker, aka raba shi gida uku. Akwai hoton tushe da aka gina a kan Ubuntu, akwai hotunan muhalli waɗanda kowannensu ke ɗauke da wani haɗin laburare, sannan akwai hoto ɗaya ga kowace matsala, mai ɗauke da rubutun manhajar daidai yadda yake kafin gyara. Matsaloli da yawa daga siga ɗaya ta Django suna raba hoton muhalli ɗaya, saboda haka aikin girka laburare, wanda shi ne mafi cin lokaci, ana yin sa sau gommai ne kawai maimakon sau dubbai. Duk da wannan tattalin, masu aikin suna ba da shawarar a tanadi gigabait 120 na faifai, kuma sun bar wa mai gwaji zaɓin matakin da zai ajiye da wanda zai goge bayan amfani. Wanda ya ajiye komai ya sayi sauri da faifai, wanda ya goge na sama ya sayi faifai da lokaci.

OSS-Fuzz, shirin da Google ta buɗe a watan Disamba na 2016 don farautar kurakurai a manhajojin da rubutunsu ke buɗe ga kowa, yana bin irin wannan hanya. Akwai hoton tushe, a kansa hoto mai manhajar harhaɗawa ta Clang, a kansa kuma hoton gini mai suna base-builder. Kowane aiki da ya shiga shirin, kuma sun haura 1,000, yana rubuta ɗan gajeren Dockerfile ne da ke farawa daga wannan hoton ko wani ɗan'uwansa na wani harshe. Masu kula da shirin suna sabunta manhajar harhaɗawa a wuri ɗaya, canjin ya isa ga kowa.

A cikin aiki ɗaya ma ana iya yin wannan rabon. Tun Docker 17.05, a 2017, Dockerfile ɗaya yana iya ɗaukar matakai da dama. Sai a yi matakin tushe, a fitar da matakin gwaji daga gare shi tare da kayan gwaji, a kuma fitar da matakin da za a kai wa masu amfani ba tare da waɗannan kayan ba. Su biyun sun fito daga uwa ɗaya, don haka abin da aka gwada da abin da aka saki suna tsaye a kan tushe ɗaya. BuildKit, wanda ya zama maginin da Docker ke amfani da shi kai-tsaye daga siga ta 23.0 a 2023, yana gina matakan da ba su dogara da juna ba a lokaci guda, yana kuma tsallake waɗanda ba a nema ba.

Injunan gwaji da rumbun hotuna

Yawancin gwaji a yau yana gudana ne kai-tsaye duk lokacin da injiniya ya aika gyara, ta hanyar tsare-tsare irin su Jenkins da GitLab CI da GitHub Actions. Injunan da GitHub ke bayarwa sababbi ne fil a kowane aiki, ana tayar da su, a yi gwajin, a rushe su. Irin wannan inji ba ya da ajiyar gini ko kaɗan. Idan ba a tanadi uwar hoto ba, kowane gwaji zai fara da girka komai daga farko, minti goma ko ashirin su tafi kafin a gwada layi ɗaya. Idan an tanada, aikin ya koma sauke shimfiɗu da ɗora siririyar shimfiɗar sama. Ana kuma iya umartar magini ya ajiye ajiyarsa a rumbu ya ɗauko ta daga can a gini na gaba.

Wannan ya mayar da rumbu wani ginshiƙi na tsarin gwaji. A watan Nuwamba na 2020 Docker Hub ta sa iyaka ga masu saukewa kyauta: sau 100 cikin awa 6 ga wanda bai shiga da asusu ba, sau 200 ga mai asusun kyauta. Tunda ana ƙirga na farkon ne bisa adireshin intanet, kamfanin da injunansa da yawa ke fita ta adireshi ɗaya yana iya cinye rabonsa cikin ɗan lokaci, gwaje-gwaje su tsaya. Maganin da aka saba shi ne kafa rumbu na cikin gida wanda ke sauke hoto sau ɗaya daga waje ya riƙa raba wa injunan gida.

Ga masu aiki a inda data ke da tsada kuma layin intanet ba ya da tabbas, kamar ƙananan kamfanoni da ɗakunan kwamfuta na jami'o'i a Kano ko Zariya ko Yamai, wannan tsari ya wuce batun sauri. Cikakken hoton Python yana kusan gigabait ɗaya idan an warware shi, kuma ɗalibai talatin da kowannensu zai sauke shi da kansa sun kashe ninki talatin na abin da mutum ɗaya zai iya saukewa ya raba. Umarnin docker save yana naɗe hoto a fayil ɗaya da za a iya ɗauka a filashi, docker load kuma ya warware shi a wata kwamfutar ba tare da intanet ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kodebuwa, lamarin da ya raunana sadarwa a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan yanayi, muhallin da ke sauke kayansa daga waje a kowane gini yana tsayawa cik, wanda uwarsa ke ajiye a gida kuma yana ci gaba da aiki.

Laƙabi da lambar shaida

Ana kiran hoto ta hanya biyu. Ta farko ita ce laƙabi, kamar python:3.12 ko ubuntu:22.04. Laƙabi alama ce da mai hoton zai iya cirewa ya manna wa wani sabon hoto duk lokacin da ya ga dama, kuma masu kula da hotunan hukuma suna yin haka a kai a kai don shigar da gyare-gyaren tsaro. Laƙabin latest ba ya tabbatar da komai, shi ne kawai sunan da ake ɗauka idan ba a ambaci wani ba. Bayan fitowar Debian 12 a watan Yuni na 2023, laƙuban Python da ba su ambaci sigar Debian ba sun koma kan sabuwar, sai ayyuka suka wayi gari a kan wani tsarin aiki dabam alhali ba wanda ya taɓa Dockerfile ɗinsu. Gwajin da ya faɗi a irin wannan rana yana ɓata lokaci sosai, domin injiniya zai ta neman kuskure a gyaransa, kuskuren kuwa yana can ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce lambar shaida ta SHA-256, wadda ke nuna hoto ɗaya tak har abada. Idan layin FROM ya ambaci lambar, uwar ba za ta canja a ɓoye ba. Amma ɗaure uwa da lamba yana hana gyaran tsaro isowa shi ma. Abin da ya dace shi ne a ɗaure ta, sannan a sa wata manhaja irin su Renovate ko Dependabot ta riƙa lura, idan sabon hoto ya fito ta kawo shawarar canja lambar a matsayin gyara na musamman. Gyaran zai bi ta gwaji kamar kowane gyara, kuma idan wani abu ya karye, an san ainihin abin da ya karya shi.

Ɗaure uwa ba ya ɗaure abin da ake saukewa a samanta. CentOS 8, wani tsarin aiki na Linux, ta kai ƙarshen rayuwarta a ranar 31 ga Disamba, 2021, kuma a ƙarshen Janairu na 2022 aka kwashe kayanta daga sabobin da aka saba zuwa ma'ajiyar tarihi. Hoton yana nan, amma duk ginin da ke girka kaya a kansa ya daina aiki. A watan Maris na 2016 ma, cire wata ƙaramar laburare mai suna left-pad daga rumbun npm ya karya gine-gine masu yawa a duniya. Hoton muhalli da aka riga aka gina aka ajiye yana tsira daga irin wannan, domin kayan suna cikinsa.

Abin da ake gada

Magaji yana gadon dukiya, yana kuma gadon bashi, haka hoto yake da uwarsa. A watan Mayu na 2019 masu binciken Cisco Talos suka bayyana cewa hotunan Alpine na hukuma, tun daga siga ta 3.3, sun fito da babban asusun tsarin ba tare da kalmar sirri ba. Duk hoton da aka gina a kansu ya ɗauki wannan ɓarakar, kuma gyara uwar bai gyara 'ya'yan da aka riga aka gina ba, sai da aka sake gina kowannensu. Wannan ita ce doka a koyaushe: sabunta uwa ba ya ratsawa sama da kansa. Dole tsarin gini ya san wane hoto ya fito daga wane, ya kuma sake gina zuriyar daga ƙasa zuwa sama. Inda zuriyar ke da tsari, wannan aikin yini ɗaya ne. Inda kowane aiki ya zaɓi uwarsa yadda ya so, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kamfanoni da yawa suka sha wahalar neman laburaren Log4j mai ɓarakar tsaro a hotunansu a watan Disamba na 2021.

Hatsari na biyu yana cikin yanayin shimfiɗu. Goge fayil a shimfiɗar sama yana ɓoye shi ne kawai, yana nan a ta ƙasa ga duk wanda ya warware hoton. Mabuɗin sirri da aka kwafa a wani umarni aka goge a na gaba ya shiga hoton ke nan, kuma idan hoton uwa ne, ya shiga dukkan zuriyar. A watan Afrilu na 2021 kamfanin Codecov ya sanar cewa wani kuskure a yadda yake gina hotonsa na Docker ya ba maharan damar ciro bayanan shiga, da su suka gurɓata wata manhaja da abokan cinikinsa ke gudanarwa a tsarin gwajinsu. BuildKit yana da hanyar miƙa sirri ga umarni ɗaya ba tare da ya zauna a shimfiɗa ba, kuma ita ya kamata a bi. Bayan haka ana bincika uwar da manhajoji irin su Trivy ko Grype kafin a sake ta, ana kuma iya sa mata hannu da Cosign domin injunan gwaji su tabbatar da asalinta.

Iyakokin dabarar

Uwa ɗaya ga kowa tana da halin kumbura. Wannan rukuni ya nemi a saka masa burauza, wancan ya nemi Java, wani ya nemi kayan zane, har hoton ya kai gigabait da yawa wanda kowa ke saukewa don ya yi amfani da kaɗan daga ciki. Mafi muni, kumburarriyar uwa tana ɓoye buƙatu. Manhaja za ta iya dogara da wata laburare da ba a rubuta a jerinta ba, gwaji ya yi nasara domin laburaren tana cikin uwar saboda wani aikin, sannan manhajar ta faɗi a wurin aiki na gaske. Abin da ya cancanci shiga uwa shi ne abin da yawancin 'ya'yanta ke buƙata kuma ba ya yawan canjawa. Sauran sai a yi musu reshe.

Ƙanƙanta ma ba ita ce manufa ba. Hoton Alpine bai wuce megabait kaɗan ba, amma yana amfani da laburaren musl a maimakon glibc da Debian da Ubuntu ke amfani da ita. Wanda ya gwada manhajarsa a kan Alpine ya sake ta a kan Debian ya gwada wani abu ne dabam. Uwar muhallin gwaji ya kamata ta zama ita ce uwar muhallin aiki, ko 'yar'uwarta ta kusa.

Akwai kuma abin da hoto ba ya ɗauka. Kanel na kwamfutar da ke ƙasa ne, don haka hoto ɗaya a kan kanel biyu zai iya nuna hali biyu. Nau'in furosesa ma yana da tasiri. Tun da Apple ta fito da furosesar M1 a watan Nuwamba na 2020, injiniyoyi da yawa suna aiki a kan arm64 alhali sabobinsu amd64 ne. Laƙabi ɗaya yana iya nuna jerin hotuna, ɗaya ga kowane nau'i, kowace kwamfuta ta ɗauki nata, amma shimfiɗunsu dabam ne, kuma dole a gina uwar gida ga nau'ukan biyu idan ana son sakamako ya daidaita. Haka nan bayanan da gwaji ke rubutawa ba sa shiga uwa: kowane gwaji yana farawa da sabuwar kwantena, kuma matattarar bayanai irin su PostgreSQL ana tayar da ita a tata kwantenar ta hanyar Docker Compose ko Testcontainers.

Kula da uwar hoto

Uwar hoto manhaja ce da wasu ke dogaro da ita, saboda haka tana buƙatar irin kulawar da ake ba kowace manhaja. Ana ajiye Dockerfile ɗinta a ma'ajiyar rubutu inda ake ganin tarihin kowane canji, ana kuma ɗora alhakinta a kan wani mutum ko rukuni sananne. Kowane gini yana samun nasa laƙabin da ba a sake amfani da shi, mai ɗauke da kwanan wata ko lambar siga. Ana sake gina ta bisa jadawali, kamar mako-mako, tare da umarnin da ke tilasta sauko da sabuwar uwarta da yin watsi da ajiya, domin gyare-gyaren tsaro su shigo. Kafin a saki sabon gini ga kowa, ana fara gwada shi da wasu zaɓaɓɓun ayyuka, a bar tsohon a rumbu domin a iya komawa gare shi.

Jadawalin canji mai girma yana bin kalandar waɗanda aka dogara da su. Ubuntu tana fitar da siga mai dogon tallafi a watan Afrilu na kowace shekara biyu, da tallafin shekara 5, Python kuma tana fitar da sabuwar siga kowane Oktoba, ita ma da tallafin shekara 5. Sanin waɗannan ranaku yana ba da damar shirya sabuwar uwa tun kafin tsohuwar ta rasa tallafi. Tsofaffin hotuna ana goge su bisa ƙa'ida, amma ana barin duk wanda wata sigar manhaja da har yanzu ke hannun masu amfani ta dogara da shi, domin ranar da aka kawo rahoton kuskure za a buƙaci tayar da muhallin yadda yake. A ƙarshe, kowane rahoton gwaji yana rubuta lambar shaidar hoton da aka yi gwajin a cikinsa, ta yadda duk mai son tabbatar da sakamakon zai iya sauke wannan hoton ya maimaita gwajin.